Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga likitocin ƙashi masu sauya gwiwa da shugabannin asibitocinsu

Assalamu alaikum, likitocinmu masu girma.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da jinjina kan tsayuwar da kuke sha a ɗakin tiyata, na rubuto muku ne a madadin mutanen da amosanin gaɓɓai ya cinye wa gwiwa har aka kai ga yi musu aikin sa gwiwar ƙarfe da roba, da kuma mu da muke jinyarsu a gida. Ni ba likita ba ne. Mahaifiyata aka sauya wa gwiwa, ni na yi jinyarta, kuma a bencin jiran ganin likita na san wasu irinta da dama. Da bakinsu nake magana.

Ba butulci ya kawo mu ba. Mun ga wanda a da sai an riƙe shi yake kai kansa banɗaki ya dawo yana tafiyarsa ba sanda. Mun kuma san aikin hannunku yana da ƙarko: nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa kusan kashi 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka sauya gaba ɗaya suna nan daram bayan shekara 25. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum wajen miliyan 365 ne ke fama da wannan ciwo a gwiwa, don haka layin da ke ƙofarku ba mai ƙarewa ba ne. Kokenmu a kan mutum guda ne, wanda kun san da zamansa amma tsarin aikinku ya yi kunnen uwar shegu da shi: wanda aka yi wa aiki, miki ya warke, hoton ƙashinsa ya fito tsaf, shi kuwa bai gamsu ba.

Abokan aikinku ne suka ƙirga shi, ba mu ba. A binciken da aka buga a 2010, Dakta Robert Bourne da tawagarsa sun bibiyi mutum 1,703 da aka sauya wa gwiwa a lardin Ontario na Kanada, suka tarar kashi 19 cikin 100 ba su gamsu ba bayan shekara guda. A wani binciken da ya fito a wannan shekarar dai, likitocin birnin Edinburgh sun tambayi mutum 1,217, kusan adadi ɗaya suka samu na waɗanda ba su gamsu ba ko suke ɗari-ɗari. A 2012 masu bincike na Jami'ar Bristol suka tattaro nazarce-nazarcen da aka yi, suka ga mutum ɗaya cikin biyar yana zaune da ciwo mai daɗewa bayan aikin gwiwa, alhali a aikin ƙugu abin bai kai ɗaya cikin goma ba. Na san wasunku za su ce wannan tsohon lissafi ne, ai wani bita da aka buga a 2023 ya sauko da adadin zuwa kusan kashi 10. Madalla in haka ne. Mu ɗauki goman. Likitan da yake sauya gwiwa 100 a shekara yana sallamar mutum 10 da suka koma gida da baƙin ciki, kuma a mafi yawan asibitoci ba wanda zai iya faɗin sunayensu.

Kokenmu na farko ke nan: ma'aunin da kuke auna nasara da shi. Ranar da muka koma ganin likita da mahaifiyata, ya buɗe hoton a kwamfuta, ya bi gefen ƙarfen da bakin alƙalami yana nuna mana yadda ya zauna daidai, ya ce, "Mama, gwiwarki ta fi tawa kyau." Ta ce masa da dare ba ta runtsawa, gwiwar tana yi mata zugi kamar ana hura wuta a ciki. Ya ce ta ƙara haƙuri, ya rubuta cewa aiki ya yi kyau, ya kira na gaba. Ba mugun mutum ba ne, kuma abin da ya gani a hoton gaskiya ne. Amma tun daga ranar ta daina faɗa wa kowane ma'aikaci cewa tana jin ciwo, don a ganinta in likita ya ce lafiya lau, to ita ce mai raki. Haka da yawansu suke yi, su bar ta ciki na ciki. Ga kuma nauyin baki: mutum nawa ne zai iya duban idon wanda ya yi masa aiki ya ce masa bai ji daɗin aikin ba? Shi ya sa "da sauƙi, likita" da kuke ji a ofis ba alƙaluma ba ne.

Hatta rajistocin ƙasa da ake alfahari da su, masu tattara bayanan gwiwoyin da aka sauya, abin da suka fi ƙirgawa shi ne gwiwa nawa aka sake buɗewa aka canja. Gwiwar da ke hana mai ita barci, in dai ba a sake yi mata aiki ba, tana cikin layin nasara. Ƙasar Suwidin, wadda ta fara buɗe irin wannan rajista a 1975, ta gane gibin da ke ciki, ta aika wa marasa lafiya takarda kai tsaye tana tambayarsu ko sun gamsu. Ingila ma tun 2009 hukumar lafiyarta take raba wa duk wanda za a sauya wa gwiwa takardar tambayoyi kafin aiki da kuma wata shida bayansa. Tambayoyin Oxford ne, guda 12, waɗanda aka wallafa tun 1998, kuma ba wani abin wuya a cikinsu. Ciwo yana tashinka da dare? Kana iya sauka daga matakala? Kana iya durƙusawa ka miƙe? Kana iya wanka ka goge jikinka? Gwiwar tana sulluɓewa ta nemi kayar da kai? Minti kaɗan ake cika ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma hanyar tambayarsa ta daɗe a hannunku.

Na biyu, wanda ya fi ci mana rai, shi ne abin da ba a faɗa mana kafin mu sa hannu. A binciken nan na Ontario, babu abin da ya kai rashin cikar tsammani haddasa rashin gamsuwa: wanda bai samu abin da ya sa rai ba, yiwuwar ya ce bai gamsu ba ta ninka fiye da sau 10. To wa ke gina wannan tsammanin? Wani ɓangare daga maƙwabcin da aka yi wa aka dace, wani daga tallan asibiti mai hoton dattijo yana gudu, amma babban ɓangaren a ofishinku ake gina shi, da abin da kuka faɗa da abin da kuka tsallake. Takardar amincewa takan lissafa manyan haɗura, shigar ƙwayoyin cuta, daskarewar jini a jijiya, har mutuwa. Ya kamata ta lissafa. Sai dai waɗannan kaɗan suke samu. Abubuwan da kusan kowa zai gamu da su kuwa ba sa cikin takardar: cewa fatar gefen tabon ta waje za ta iya mutuwa ba ta jin taɓawa, saboda 'yar jijiyar da wuƙa ke ratsawa, cewa gwiwar za ta riƙa ƙas-ƙas in ana tafiya, don ƙarfe da roba ne ke haɗuwa, cewa kumburi da ɗumi za su iya kai watanni, cewa makonnin farko sun fi ciwon da aka zo da shi zafi ga mutane da yawa, cewa cikakken sauƙi yakan ɗauki shekara. Duk wanda aka gaya wa waɗannan tun da wuri, in ya gan su sai ya ce ai an faɗa mini. Wanda ba a gaya wa ba, tsakar dare zai tashi 'ya'yansa ya ce aiki ya lalace.

Ku bar ni in daɗe kaɗan a kan maganar lanƙwasa, don a nan ne ake yawan saɓa wa juna ba tare da an sani ba. Ku kun san lissafin. Tafiya a fili tana buƙatar gwiwa ta lanƙwasa digiri 65 zuwa 70. Tashi daga kujera da sauka daga matakala suna neman wajen 90 zuwa 100. Tsugunno da zama a kan dugadugai kuwa sai an wuce 130 nesa. Gwiwar da aka sauya takan tsaya ne tsakanin 110 da 120, kuma wadda ta daɗe a sage kafin aiki ba kasafai take kai hakan ba ma. Idan likita ya auna ya samu 115 sai ya yi murna, kuma a littafinsa yana da gaskiya. Amma wanda rayuwarsa take a ƙasa, ko don sana'a ko ibada ko wasa da jikoki, 115 ɗin nan ba ta kai shi inda yake son zuwa ba. Nazarce-nazarce sun nuna mutum 6 zuwa 8 cikin 10 suna shan wuyar durƙuso ko ma ba sa iyawa bayan wannan aiki. Wani abin takaici, babu wata hujja mai ƙarfi da ta nuna durƙuso yana lalata ƙarfen, amma nas za ta ce kada ka kuskura, mai gashin ƙashi ya ce gwada a kan matashi, likita ya ce yadda ka gani. Mara lafiya sai ya ɗauki mafi ban tsoro a cikin ukun ya riƙe har abada.

Akwai wani bawan Allah da muke haɗuwa a bencin jira, shekarunsa hamsin da 'yan kai, sana'arsa shimfiɗa tayil. Wunin aikinsa duk a kan gwiwa yake yin sa. Ciwon ya tafi, yana kuma godiya, amma bai koma bakin aiki ba. Ya ce da ni, "Ba wanda ya tambaye ni me nake yi na ci abinci." Da an tambaye shi, wataƙila da zai yarda a yi aikin duk da haka, amma da ya shirya, ya koya wa yaransa, ya nemi wata hanya. Haka kuma ba a gaya masa abin da wani babban nazari na Birtaniya ya nuna a 2017 ba: wanda aka sauya wa gwiwa bayan ya haura 70, yiwuwar a sake yi masa aiki a sauran rayuwarsa kusan kashi 5 ce cikin 100, amma namijin da aka yi wa yana farkon shekarun hamsin, tasa tana kai wa kashi 35. Aiki na biyu kuma, kun fi mu sani, bai cika yin daɗin na farko ba.

Na uku, zaɓin da ake ɓoye mana, ko a ambata shi a gurguje. A wani gwaji da aka buga a 2015, masu bincike a Denmak, ƙarƙashin Søren Skou, sun ɗauki mutum 100 da duk sun cancanci a sauya musu gwiwa. Rabi aka yi musu aikin sannan aka sa su shirin mako 12 na motsa jiki da ilimantarwa da shawarar rage ƙiba da maganin ciwo. Sauran rabin shirin kaɗai aka yi musu. Bayan shekara, waɗanda aka yi wa aiki sun samu sauƙi kusan ninki biyu, wannan maki naku ne. Amma su ne suka gamu da munanan matsaloli 24, ɗaya ɓangaren kuwa 6. Kuma a cikin 50 ɗin da ba a yi wa aiki ba, 13 kaɗai suka nemi a yi musu a wannan shekarar. Wannan bayani ne da kowane baligi zai iya aunawa da kansa in an ajiye masa shi a gaba. Haka batun sauya rabin gwiwa ga wanda gefe ɗaya kawai ya zaizaye: gwajin da aka yi a Birtaniya da mutum 528, wanda ya fito a 2019, ya nuna bayan shekara 5 sakamakonsa bai gaza na sauya gwiwa gaba ɗaya ba, ko da yake rajistoci sun nuna an fi sake yi masa aiki daga baya. Da yawa ba su taɓa jin akwai shi ba, don kawai likitan da suka samu ba ya yin irinsa.

Kun kuma san waɗanda aikin bai cika yi wa daɗi ba tun kafin a shiga da su: wanda ciwonsa ya fi abin da hoton ya nuna, wanda ciwon yake saukowa daga baya ko ƙugu, wanda ke fama da ciwon damuwa ko fargaba, wanda ya daɗe yana shan magungunan kashe zafi masu sa maye. Ba muna cewa a hana su aiki ba ne. A gaya musu ƙeƙe-da-ƙeƙe inda suka tsaya, a yi maganin abin da zai yiwu tukuna.

Shi kuwa wankin gwiwa da ake yi ta 'yar kafa da kyamara, ga mai amosanin gaɓɓai, ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. Tun a gwajin da aka buga a 2002, Dakta Bruce Moseley ya raba mutum 180 gida uku a wani asibitin tsofaffin sojoji da ke Houston a Amurka: wasu aka wanke musu gwiwa, wasu aka kankare, wasu kuwa aka ɗan tsaga fata kawai aka ɗinke ba a taɓa komai a ciki ba. Shekara biyu ana bibiyarsu, waɗanda aka yi wa na gaske ba su fi na bogin samun sauƙi ba. A 2017 kwamitin ƙwararru na mujallar BMJ ya ba da shawara mai ƙarfi cewa a daina. Duk wanda har yau yake kwantar da dattijo don wannan, ya san abin da yake yi.

Na huɗu, shirun da ke biyo bayan sallama. Kwanciyar asibiti ta ragu sosai, wasu ma ranar da aka yi aikin suke komawa gida. Ba mu ƙi ba, kowa ya fi son gadonsa. Amma nauyin da aka sauke daga kan nas bai ɓace ba, kanmu ya dawo, mu da ba a koya wa komai ba. An miƙa mini takarda mai zanen mutum yana ɗaga ƙafa, shi ke nan. Ba wanda ya nuna mini inda zan sa hannu in tallafi dugaduginta in tana lanƙwasawa, ko wane zafi ne na motsa jiki da za a daure, wane ne na a tsaya a kira likita. In ta yi kuka sai in ƙyale ta, in na ƙyale ta gwiwar ta ƙara sagewa. Alhali ku kun san makonnin farko su ne zinariya, kuma gwiwar da ta ƙage, in za a sa mutum barci a lanƙwasa ta, an fi dacewa a cikin wata uku na farko. Wanda aka ce ya dawo bayan shekara, wa zai gano tasa a kan lokaci?

Ciwon da ya ƙi tafiya bayan wata uku yana da dalilai da za a iya nema: ƙwayoyin cuta da suka laɓe a jikin ƙarfen ba tare da zazzaɓi ba, gwiwa mai sako-sako, ciwon jijiya da ke buƙatar nasa magani daban, ciwon da asalinsa ƙugu ne ko baya, ko damuwar da ke ƙara wa ciwo nauyi. An ma gwada neman. A wani gwaji da Jami'ar Bristol ta jagoranta a asibitoci 8 na Birtaniya, wanda aka buga a 2022, an ɗauki mutum 363 da ke jin ciwo wata uku bayan aiki. Wasunsu aka zauna da su aka bincika dalilin ciwon, aka tura kowa inda ya dace, aka riƙa buga musu waya a cikin shekarar. Ciwonsu ya ragu fiye da na waɗanda aka bari a kan tsarin da aka saba, kuma kuɗin da aka kashe a kansu bai kai na wancan ɓangaren ba. Zama ɗaya da 'yan kiraye-kirayen waya. Ina faɗin haka ne don shugabannin asibitocin da ke rububin sayen mutum-mutumin tiyata su ji. Na'urar tana ƙara daidaiton yanka, ba musu, amma gwaje-gwajen da aka yi zuwa yanzu ba su nuna wani babban bambanci a yadda mara lafiya ke jin gwiwarsa ba. A sayi na'ura in da hali, a kuma ɗauki ma'aikaci ɗaya mai ɗaga waya.

Ga abin da muke roƙo, da girmamawa.

Kafin a sa ranar aiki, a tambayi kowane mara lafiya abu uku da yake son ya koma yi, a rubuta su da kalmominsa a cikin fayil, likita kuma ya gaya masa baro-baro wanne zai samu, wanne ƙila, wanne da wuya. A yi wannan zama a rana daban da ranar sa hannu, da harshen da mutum yake ji, a bar shi ya zo da wanda zai yi jinyarsa. A faɗa masa adadin waɗanda ba sa gamsuwa kamar yadda ake faɗa masa adadin waɗanda miki ke ruɓe musu. A ajiye masa sauran zaɓin a gabansa, har da wanda likitan ba ya yi da hannunsa, har da jinkirtawa.

Likita da nas da mai gashin ƙashi su haɗa baki a kan magana ɗaya game da durƙuso, kuma a koya wa mai so yadda zai fara a kan abu mai laushi in miki ya warke. Mai jinya a nuna masa aikin da hannu kafin sallama, a ba shi lambar da in ya kira za a ɗauka.

Kowane asibiti ya riƙa tambayar marasa lafiyarsa kafin aiki, da bayan wata uku, da bayan shekara, kuma mai tambayar kada ya zama wanda ya yi aikin. A ƙara tambaya guda a ƙarshe: da ka san abin da ka sani yanzu, za ka yarda a yi maka? Sakamakon a fito da shi fili duk shekara, yadda mai neman inda za a yi masa aiki zai iya gani. Wanda kuma ya ce yana jin ciwo a wata na uku, kada a rufe fayil ɗinsa don hoto ya yi kyau. A ba shi rana ta musamman, a bincika dalili, a gaya masa abin da aka gano ko da abin da aka gano shi ne ba a gano komai ba tukuna, a kuma sa masa ranar dawowa.

Ƙungiyoyinku na likitocin ƙashi muna roƙon su sa waɗannan a cikin sharuɗɗan da ake duba asibiti da su, su kuma ba waɗanda aka yi wa aikin kujera a kwamitin da zai rubuta su, har da waɗanda ba su gamsu ba. Muna jiran amsarku a rubuce.

Wassalam.

Naku,
Wani mai jinya, a madadin waɗanda aka sauya wa gwiwa da iyalansu.